Kafin a sake tare wani kogi, a nuna mana lissafin

Jama'a, mu da muke shan ruwan kogin Haɗejiya da na Jama'are, tun daga Kano har Gashuwa da Gaidam, mutum nawa ne a cikinmu suka san wanda ke yanke ranar da za a buɗe ƙofofin dam ɗin Tiga, da yawan ruwan da za a saki, da abin da ya dogara da shi kafin ya yanke? Wannan hukunci shi ke raba shinkafar da za ta yi da wadda za ta nutse, shi ke faɗin ko rijiyar wani ƙauye a Guri za ta kai bazara da ruwa. Amma sai dai mu ji a rediyo an ce mazauna bakin kogi su tashi, an saki ruwa.

Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Kada a sake gina dam, kada a faɗaɗa filin noman rani, kada a sauya tsarin sakin ruwa a wannan yanki sai an fara gwada shawarar a lissafin kwaikwayo na kwamfuta, sannan a fito da sakamakon fili, da harshen da manomi da masunci da makiyayi ke ji. Ba sabon abu nake nema ba. An taɓa yin irin wannan lissafi a kan fadamar Haɗejiya da Nguru shekaru talatin da suka wuce, ya faɗi magana mai nauyi, aka bar shi ya sha ƙura.

Bari in yi bayanin abin da kansa, don wasu na jin an ce kwamfuta sai su ɗauka wani siddabaru ne. Masana kan ɗauki alƙaluman shekaru masu yawa: ruwan saman da ya sauka kowane wata, ruwan da ya wuce ta Wudil da Haɗejiya da gadar Bunga da Gashuwa, wanda rana ta ƙafar, wanda ƙasa ta shanye ya koma rijiyoyi. Sai su gina kogin a cikin kwamfuta da waɗannan alƙaluma. Su fara gwada shi da shekarun da suka riga suka wuce, su ga ko faɗin ambaliyar da ya bayar ya yi daidai da abin da aka gani a hotunan da aka ɗauka daga sama. In ya yi daidai, sai a soma yi masa tambayoyi. In aka ƙara dam a nan fa? In aka ninka filin noman rani? In aka saki ruwa mai yawa a watan Agusta maimakon a riƙa ɗigo da shi duk shekara? Tela ma yakan auna ya zana da alli kafin ya sa almakashi, don yadin da aka yanka ba ya komawa yadda yake. Dam kuwa in an gina shi, jikoki ne za su zauna da sakamakon.

An kammala Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, a kan kogin Kano. Challawa ta biyo baya a 1992, a kan kogin Challawa a ƙasar Ƙaraye. Kogunan nan biyu suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗejiya, kuma dam ɗin biyu na riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke gangarawa. Ba zan tsaya ina zagin su ba. Duk wanda ya ga tumatir ɗin Kadawa da shinkafar Kura, ya kuma san ruwan famfon birnin Kano daga waɗannan koguna ake ɗebo shi, ya san an amfana. Sai dai lokacin da ake tsara su idon masu tsarin na kan gonakin da za a shayar. Mutanen da ke can ƙasa, waɗanda rayuwarsu ta ɗoru a kan ambaliyar damina, ba su shiga lissafin yadda ya kamata ba.

A fadama, ambaliya ita ce jari. Ruwa ya malala a Agusta da Satumba, a noma shinkafa a cikinsa. Ya fara janyewa, a bi danshin da ya bari da wake da sauran amfani. Kifi ya hayayyafa a cikin ciyawa, Fulani su sauko da shanu da rani su sami ɗanyar ciyawa, ruwan da ya nutse ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ko ganin kogin ba sa yi. Tsuntsaye ma daga Turai suke zuwa su yi hunturu a Dagona da Baturiya, abin da ya sa aka saka tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000. Wuri ɗaya, amfani kusan biyar, kowanne da lokacinsa.

Da fadamar ta soma tsukewa a shekarun 1980, sai gardama ta tashi. Masu kare dam suka ce fari ne, ai kowa ya ga abin da ya faru a 1973 da 1984. Mutanen ƙasa suka ce an tare musu ruwa. Kowa da gaskiyarsa, kuma baki kaɗai ba zai raba wannan gardama ba. A nan ne lissafin kwaikwayo ya yi amfanin da babu abin da zai yi shi, domin a cikin kwamfuta kana iya cire dam ɗin ka bar farin, ko ka cire farin ka bar dam ɗin, ka ga rabon kowanne a ɓarnar. A ƙarƙashin shirin kare fadamar da aka fara a 1987, masana irin su Ted Hollis da Julian Thompson na wata jami'a a Landan suka gina lissafin ruwan yankin, masanin tattalin arziki Edward Barbier kuma ya sa wa abin farashi. Abin da ya fito ya isa ya sa mai mulki ya dakata. In aka kwatanta abin da kowane ma'auni na ruwa ke samarwa, fadama ta fi babban aikin noman rani nesa ba kusa ba. In kuma aka aiwatar da duk dam-dam da ayyukan da aka tsara, ribar noman ranin da za a ƙara ba za ta cike giɓin asarar da za a yi a ƙasa ba, ko kusa. Hanyar da ta fi rage asarar ita ce a riƙa sakin ruwa mai yawa da gangan a tsakiyar damina, a kwaikwayi ambaliyar da aka saba, sannan a bar kogin ya ja baya da rani.

Ba a bi wannan shawara a matsayin tsayayyen tsari ba. Ruwa ya ci gaba da gudana rani da damina a hanyoyin da a da suke bushewa ƙaƙas, sai kachala ta samu gindin zama. Wanda bai taɓa ganin kachala a wannan yanki ba zai ɗauka ciyawa ce kawai. Ta fi mutum tsawo, ta yi cunkus har kwalekwale ba ya ratsa ta. Za ka ga magidanta sun yi gayya sun shiga ruwa iya ƙirji da adda da lauje, tun safe suna sara suna jan tulin zuwa gaɓa, ƙafafunsu duk yanka, ga tsutsar ruwa ga sauro. Su buɗe hanya mai faɗin kwalekwale biyu, kafin shekara ta zagayo ta sake rufewa. Saiwarta na tare yashi da laka, hanyar ruwa ta cike, ruwan ya nemi wata mafita. Haka tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata mashigar Marma ya nufi Nguru. Wasu ƙauyuka gonakinsu sun zama tafki na dindindin, wasu kuma ƙishirwa. A cikin kachalar ne jan-baki ke kwana, ya fito da safe ya sauka a kan shinkafa da gero, yara su wuni suna kaɗa gwangwani. Filin kiwo ya ragu, rikicin manoma da makiyaya ya ƙaru. Abin na ci mini rai, domin an ga alamun matsalar a takarda tun kafin ta kai haka.

Kada wani ya ce ina ɗaukar kwamfuta kamar ba ta kuskure. Tana yi, kuma kuskurenta na farawa ne daga abin da aka ba ta. Na taɓa tsayawa a gindin wata gada inda aka kafa sandar awon ruwa. Lambobin jikinta sun goge, ƙasanta ya nutse a yashi, mutumin da a da ake biya ya zo safe da yamma ya rubuta tsayin ruwa a littafi ya daɗe da daina zuwa don an daina biyansa. To lissafin da za a gina a kan shekarun da ba a rubuta komai ba, me zai faɗa? Mukan kashe biliyoyi a siminti mu kasa biyan mai karanta sandar awo da mai kula da ma'aunin ruwan sama. In da ni ake shawara, daga nan za a fara kashe kuɗin.

Sannan shi kansa yanayin ba ya tsaye. Ruwan sama ya farfaɗo a Sahel bayan farin shekarun 1980, amma da wata siga. Wani bincike da aka wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin tun daga 1982. Ke nan lissafin shekarun 1990 ba zai yi aikin yau ba sai an sabunta shi, an sa masa hanyoyin ruwan da suka toshe, da yashin da ya taru a cikin dam, da gidajen da aka gina a kan magudanai. Kuma ba a ofis kaɗai za a sabunta shi ba. Sarkin ruwa ya san hanyar da ruwa ke fara bi in ya zo, ya san wadda ta mutu shekara goma da suka wuce. Tsohon manomi zai nuna maka a jikin bishiya inda ruwan wata shekara ya tsaya. In taswirar kwamfuta ta ce wuri kaza ba ya nutsewa, mutanen wurin suka ce duk shekara sai sun kwashe kaya, taswirar ce za a gyara.

Masu cewa wannan shiga gaibu ne, Allah Ya ba ku haƙuri, awo ne da ƙiyasi. Ba wanda ya ce ya san abin da gobe za ta haifar. Cewa ake yi in ruwa kaza ya sauka, dam na cike zuwa kaza, to ga inda zai bi. Manomin da ya dubi gabas ya ga hadari ya kwashe shanyarsa ma abin da ya yi ke nan.

Inda muka fi rauni shi ne tsakanin sakamako da aiki. Duk shekara hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina, har da fassarar Hausa. Hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, na fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. A Yamai cibiyar AGRHYMET na yi wa ƙasashen Sahel irin wannan aiki. Duk da haka a 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗanawa. A ranar 10 ga Satumba 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, alhali an taɓa ganin irin haka a 1994. Gargaɗin da ya tsaya a taron manema labarai a Abuja bai kai ga mai unguwa ba. Abin da nake so in gani shi ne a ɗaure hasashen da doka da kasafi. In lissafi ya nuna ruwa zai kai matsayi kaza, kuɗin kwashe mutane su fita ba sai an jira sa hannun wani ba. In taswira ta nuna fili hanyar ruwa ne, jami'in da ya ba da takardar gini a wurin ya amsa tambaya. Jadawalin sakin ruwan Tiga da Challawa kuma a buga shi tun kafin shuka, a karanta a rediyo da masallatan Juma'a, manomin Kirikasamma ya san abin da zai shuka da inda zai shuka shi.

Wurin zaman ma akwai shi. A 2006 jihohi shida da ke cikin wannan kwari, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, sun haɗu a Damaturu sun amince da tsarin kula da ruwan tare da kafa asusu na musamman. Lissafi ɗaya da kowa ya yarda da alƙalumansa shi ne zai hana irin wannan zama komawa jan zare, inda jihar da ke sama ke da bakin magana don ruwan ta gabanta yake wucewa.

Abin da ya sa na ga maganar ba ta jira shi ne Kafin Zaki. An fara wannan dam a kan kogin Jama'are a ƙasar Ningi, aka tsayar, aka sake tasowa, aka sake tsayarwa, kuma kusan duk kakar siyasa sai an yi alƙawarin kammala shi. Yadda aka tsara shi ya fi Tiga girma. Na fahimci 'yan'uwanmu na Bauchi, suna ganin ruwa na wuce su alhali matasansu na neman abin yi. Amma yanzu da hanyoyin Haɗejiya suka toshe, mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa daga Jama'are yake zuwa, kuma shi ne babban kogin da ya rage ba a tare ba. Daga shi masuntan Bade ke ci, daga shi Gaidam da Damasak ke sha, da shi manoman tattasai na Diffa a Nijar ke ban-ruwa, ragowar ta gangara tafkin Chadi. Duk ɗan takarar da ya zo da alƙawarin Kafin Zaki, ku tambaye shi ruwa nawa zai riƙa isa Gashuwa a watan Satumba bayan an gama ginin, a shekarar ruwa da kuma shekarar fari, wa ya yi lissafin, kuma ina aka ajiye shi mu karanta.