'Yan uwana matasa, jiki ba rumbun ƙwayoyin bitamin ba ne

Jiya da yamma a wani kemis na unguwarmu na ga wata budurwa ta sayi bitamin C mai miligiram 1000, tana cewa ƙawarta ce ta ce ta riƙa shan uku kullum don fatarta ta yi haske. Mai kemis ya karɓi kuɗinsa bai ce mata uffan ba, ni kuwa har na kwanta raina a ɓace yake.

'Yan uwana, Allah bai halicci hanjinmu a buɗe kamar bakin rijiya ba. A bangon ƙaramin hanji akwai ƙwayoyin halitta masu ƙananan ƙofofi, kuma ta nan bitamin C yake shiga jini. Abin da baligi yake buƙata a rana miligiram 75 zuwa 90 ne. Idan aka sha daidai kima, jiki yakan karɓi mafi yawansa, amma da zarar an haura miligiram 1000, ƙofofin sun cika, ko rabi ba ya shiga, wanda ya yi rara a jini kuma ƙoda ta fitar da shi a fitsari. Saura ya tsaya a ciki ya jawo murɗa da gudawa.

Wannan ma mai sauƙi ne. Bitamin A, D, E da K sai da maiƙo da ruwan matsarmama suke shiga, kuma in ban da K, ba sa fita da sauri, taruwa suke yi a hanta da kitse. Yawan bitamin A yana lalata hanta, yana kuma iya nakasa jariri a ciki. Amma kullum sai haɗiya ake yi, wannan don ƙiba, wancan don ƙarfi, babu gwaji, babu likita. Garin neman gira za a rasa ido, garin neman ƙiba a samo rama. Ga masu tallar magani a TikTok da ba su taɓa shiga ajin kiwon lafiya ba, su ne malamanku yanzu!

Ku nemi masana kafin ku sha. Iyayenmu da kwaɗon zogale, miyar alayyahu da manja, gwanda da goba suka rayu, kuma ba mai kai magani baki sai babba ya sani. Yau yaro yana jin kunyar a gan shi da kwanon rama, amma ba ya jin kunyar jera kwalaben ƙwayoyi a kan madubi.