Tauraron Bama: nasu yana bango, namu fa?

Maƙwabciyata a nan Fotsmos, garin da sojan ruwan Birtaniya ke da babban sansani, tsohuwa ce da ta haura tamanin. Ranar da na taya ta shigar da cefane ta ce ba zan fita ba sai na sha shayi. A bangon falonta na ga akwatin gilashi, lambobin yabo shida a jere, an goge su suna walƙiya. Na mahaifinta ne.

Ba wani babban hafsa ba ne. Mai ba da sigina ne a jirgin yaƙi. Yana ɗan shekara 15 aka kai shi makarantar horon yara ta HMS Ganges, bai tuɓe kaki ba sai bayan shekara 25. Aikinsa tsayuwa a saman jirgi kusa da kyaftin, ya ɗaga tutoci, ya kifta fitila da harufan Morse, ya karanta abin da wani jirgi yake kifto masa daga nesa. A teku lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba a cika taɓa rediyo ba, don kada abokan gaba su gane inda ayari yake, saboda haka idon wannan yaro da hannunsa su ne bakin jirgi da kunnensa. Ya raka ayarin da ke kai wa Rasha kaya ta tekun Atik mai tsananin sanyi zuwa Murmansk, tekun da a watan Yulin 1942 ayarin PQ17 ya rasa jiragen kaya 24 cikin 35. Ta ce har ya rasu yatsunsa ba sa jure sanyi.

Ta ɗauko mini takardar aikinsa. Kowane jirgi da ya shiga an rubuta, da ranar shiga da ranar fita, kuma kowace shekara an yi masa shaidar ɗabi'a. Lambar daɗewa a aiki da kyan hali, wadda ake bayarwa bayan shekara 15, sunansa na zane a gefenta. Tauraron Atik kuwa, lambar waɗanda suka yi aiki a wancan tekun, sai 2013 gwamnati ta fara ba da shi, bayan tsofaffin sun shafe shekaru suna matsa mata lamba. Mutumin ya riga ya rasu, ƴarsa ta cike takarda, aka aiko mata har gida.

Ta huɗu a jeren ce ta tsayar da ni. Kintinkirinta ja ne a tsakiya, da shuɗi da ruwan lemo a gefe. Tauraron Bama, lambar waɗanda suka yi yaƙi a ƙasar Bama (Myanmar ta yau). Na san wannan mindar, na riƙe irinta da hannuna ina yaro a Zariya.

Ƙanen kakana, wanda muke kira Baba Saje, ya yi yaƙin Bama. Mindarsa tana cikin wani tsohon gwangwanin taba a ƙasan adaka, tare da allura da ragowar maɓallai. Idan ya ga dama ya ciro, ya ba mu labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku, da kayan da suke ɗauka a ka suna ratsa daji, abinci kuwa sai jirgin sama ya jefo. Mu kuma muna dariya, muna cewa tsoho ya fara. Wallahi yau kunyar wannan dariyar nake ji.

Abin da yake faɗa gaskiya ne. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan da Arakan, suka ci Myohaung a watan Janairun 1945. Bataliyoyi uku na Nijeriya sun shiga cikin dakarun Chindit, masu kutsawa bayan layin Japanawa, a 1944. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, ko Baturen hafsa sai ya koye ta. Barikin Chindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas, duk daga can sunayen suka fito. Na wuce ƙofar Chindit ba adadi ban taɓa tambayar ma'anar sunan ba, kuma babu malamin da ya taɓa gaya mana.

Laifin Turawa yana nan, ba zan wanke su ba. Sun kwashi mutane, suka biya su ƙasa da abin da suke biyan farar fata, suka sallame su da alkawuran da ba a cika ba. A Akara, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin soja uku aka harbe don sun fito neman haƙƙinsu. Amma ba Bature ne ya hana mu zama gaban Baba Saje da biro da takarda ba. Mu da muke haddace salsalar dangi har kakanni bakwai, mun kasa riƙe lambar sojan mutum ɗaya. Wasu za su ce yaƙin Nasara ne, me ya yi mana zafi? Jinin da ya zuba dai na iyayenmu ne, kuma su ba a yi shawara da su ba. A Nijeriya, ranar 15 ga Janairu manya kan ajiye furanni don ƴan mazan jiya, a saki tantabaru, a watse, ba a kira sunan kofur ɗaya na Bama ba.

A daren na bugo wa yayana. Na ce, "Yaya, gwangwanin Baba Saje fa?" Ya yi shiru, ya ce tun rabon gado bai sake ganinsa ba, amma zai tambayi Gwaggo, ita ta ɗauki adakar. Na roƙe shi idan ya je ya kunna wayarsa ya naɗi duk abin da za ta tuna, ko da sunan bataliyarsa ne kawai. Shekarunta 86, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tarye shi a tashar jirgin ƙasa ranar da ya dawo.