Ciwonka Nawa?

Gadaje biyu ne a ɗakin gaggawa. Ɗaya Bakano ne mai ciwon haƙori, ɗayan Ɗan Fulani da bijimi ya karya wa ƙafa.

Nas: Alhaji, daga sifili zuwa goma, ciwonka nawa? Sifili lafiya lau ke nan, goma kuwa azabar da ba ta da ta biyu.

Bakano: Sha biyar.

Nas: A goma ma'aunin ya tsaya.

Bakano: To ke nawa kika taya?

Nas: Ba a Kantin Kwari muke ba. Ɗaya zuwa uku, farasitamol ya wadatar. Huɗu zuwa shida a ƙara mai ƙarfi. Daga bakwai zuwa sama sai allura irin mofin, in likita ya rubuta.

Bakano: Allurar nawa take?

(Nas ta raɗa masa kuɗin.)

Bakano: Albarka! Rubuta uku.

Nas: Baffa, kai fa?

Ɗan Fulani: Ɗaya.

Nas: Ɗaya? Gumi na tsiyaya, ka kusa lanƙwasa ƙarfen gado!

Ɗan Fulani: Aradu ɗaya. Ni da aka zabga wa tsumagiya a sharo ina duba madubi ina murmushi?

Nas: To ga katin da muke nuna wa yara, fuskoki shida, daga mai dariya zuwa mai hawaye. Wacce ce taka?

Ɗan Fulani: Babu Bafulatani a nan. Mai kukan nan dai na gane shi, Babarbare ne.

Nas: Mu bar lissafi. Ka yi barci jiya?

Ɗan Fulani: Ban runtsa ba.

Nas: In aka ce yanzu shanunka sun shiga gonar mai gari, za ka iya tashi?

Ɗan Fulani: (ya yi shiru, ya dubi ƙofa) Rubuta takwas. Amma surukaina na waje, kada su ji.

(Aka yi masa allura. Bayan rabin awa Nas ta dawo.)

Nas: In ya sauka ko da maki biyu ne, magani ya fara aiki. Yanzu nawa?

Ɗan Fulani: Ɗaya.

Nas: Ta sharo ko ta gaskiya?

Ɗan Fulani: Ta sharo. Ta gaskiya huɗu.

Bakano: Daga takwas zuwa huɗu? Ragin rabi cur! Hajiya Nas, don Allah duba sirinjin nan, in akwai saura nawa za ki bar mini?