An bar jaki ana dukan taiki: rigimar ɗaliban da ke sauya makaranta don ƙwallo a Amurka

A kakar wasa ta 2016, wata sakandaren Katolika mai suna Archbishop Murphy da ke Everett a jihar Washington ta buga wasanni uku na farko ta tara maki 170, ba a ci ta ko ɗaya ba. Daga nan makarantu biyar, ɗaya bayan ɗaya, suka ce sun yafe, a rubuta an cinye su. Iyayen yara ne suka fi tada jijiyar wuya, suka ce ba za su tura ɗan shekara 14 ya yi karo da ƙaton da ya haura kilo 130 ba. Kukan da ake yi shi ne makarantar tana ɗibar ɗalibai daga garuruwa masu nisa, alhali ƙananan makarantun gwamnati da ke rukuninta sai abin da unguwa ta haifa.

Ƙwallon da ake magana a nan shi ne zari-ruga irin na Amurkawa, mai hular kwano da kafaɗun roba. Wanda bai san ƙasar ba zai ɗauka wasan yara ne. Yara wajen miliyan ɗaya ke buga shi a sakandare, kuma daren Juma'a a ƙananan garuruwa kusan kowa filin makaranta yake nufa. A garin Allen na jihar Texas, filin sakandare guda da aka buɗe a 2012 ya ci dala miliyan 60, yana ɗaukar mutum 18,000. Bayan suna akwai abin da ya fi shi: yaron da ya yi fice na iya samun karatun jami'a kyauta, daga 2021 kuma 'yan wasan jami'a suna da damar karɓar kuɗin talla da sunansu. Inda kuɗi irin wannan ke yawo, ba a rasa masu lissafi.

To, shin ɗaliban da ke sauya makaranta suna ba wasu ƙungiyoyi fifiko? Ni ban ga abin musu a nan ba, suna bayarwa. A kudancin Kalifoniya, daga 2016 zuwa 2024, duk shekarar da aka buga gasar babban rukuni ɗayan makarantun kuɗi biyu ne ya ɗauki kofi, ko Mater Dei ta Santa Ana ko St. John Bosco ta Bellflower. Yanki ne mai ɗaruruwan makarantu da miliyoyin mutane. Ba za a ce ruwan da ake sha a waɗannan unguwanni biyu ne ke haifar da gwanaye ba. Bryce Young, wanda ya ci Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 2021 kuma shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru, a 2023, a Cathedral ta Los Anjelas ya fara sakandare, sai a 2018 ya koma Mater Dei. Makarantar da ta raine shi shekara biyu ta tashi a tutar babu, wadda dama take da komai ta ƙara samu.

Yadda abin ke aiki ba boyayye ba ne. Makarantar gwamnati tana da iyaka, yaran da gidajensu ke cikin da'irarta su ne nata. In a bana babu mai iya jifa a cikinsu, haka koci zai haƙura ya lallaɓa da wanda Allah ya ba shi. Makarantar kuɗi ba ta da wannan shinge. Nasara tana jawo gwanaye, gwanaye suna jawo masu farautar 'yan wasa daga jami'o'i da kyamarorin talabijin, su kuma suna jawo wasu gwanayen. A ƙwallon ƙafarmu ƙaramar ƙungiya kan iya tsare gida ta nemi canjaras. A zari-ruga babu wannan mafaka, kowane zagaye sai an yi gaba da gaba, ƙirji da ƙirji. In bambancin ƙarfi ya yi yawa, maganar ta tashi daga ta kofi ta koma ta karaya da buguwar ƙwaƙwalwa.

Inda na rabu da masu kukan shi ne wajen maganin da suka fi so, wato a hana yaron wasa. Kowace jiha da tata dokar. A Kalifoniya, wanda ya sauya makaranta ba tare da iyalinsa sun tashi daga gidansu ba yakan zauna a benci wajen rabin kaka. A Texas, in aka yanke cewa don wasa ya sauya, shekara guda zai yi bai buga wa babbar ƙungiyar makarantar ba, kuma cikin waɗanda ake tambaya a takarda ko don wasa ya tafi har da kocin da ya baro. Ka ji shari'a, an kira wanda aka yi wa saki ya ba da shaida. Florida kuwa tun 2016 ta yi dokar da ta buɗe ƙofa, yaro ya sauya ya fara wasa nan take.

Duba wanda irin dokar Kalifoniya ke kamawa. Uban da ke da hali zai kama hayar gida kusa da sabuwar makaranta, ya kwashe iyali, ya kawo takardar wuta da ta ruwa masu sabon adireshi, ranar Juma'a ɗansa na fili. Matar da ke aikin dare a asibiti tana riƙe da 'ya'ya uku ita kaɗai ba ta da kuɗin tashi. Ɗanta zai riƙa shiga bas biyu kafin gari ya waye, ya yi atisaye da kowa, ranar wasa kuma ya tsaya a gefen fili da rigar makaranta yana miƙa wa abokansa ruwa. Niyyarsu ɗaya da ɗan mai kuɗin, aljihu ne ya raba su. Wasu iyayen da ba su da kuɗin haya sai su ari adireshin gwaggo ko na abokin aiki, daga nan an koya wa yaro ƙarya tun bai mallaki hankalinsa ba.

Shi kuwa koci, ranar da wata makaranta ta ƙara masa albashi zai tattara ya tafi, babu mai zaunar da shi ko wasa ɗaya. Yarinyar da ta iya goge ko lissafi ta koma makarantar da ta fi malamai, kowa sai ya ce iyayenta sun yi dabara. Ɗan ƙwallo ne kawai ake tuhuma da cin amana. A 2020, da ake fargabar korona za ta hana wasannin kaka a jihar Illinois, J.J. McCarthy ya bar Nazareth Academy ya tafi IMG, wata makarantar kuɗi ta horar da 'yan wasa a Florida, don kada shekararsa ta ƙarshe ta tafi a banza. Daga baya ya ci kofin ƙasa da jami'ar Michigan. Wane uba ne zai ce masa ya zauna? Shekara huɗu kacal yaro ke da ita a sakandare, waɗanda ke samun gurbi a ƙungiyar jami'a kuma ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Labarin St. Frances ta Baltimore ya fi kowanne dame lissafi. Tsohuwar makarantar Katolika ce ta baƙaƙen fata, tun 1828, a unguwar talakawa. Wani attajiri mai suna Biff Poggi ya zama kocinta, ya riƙa biya wa yara kuɗin makaranta da wurin kwana daga aljihunsa. A 2018 makarantun rukuninta suka ƙi buga wasa da ita, suka ce lafiyar 'ya'yansu suke ji. Magoya bayanta suka ce shekara da shekaru Poggi yana lashe kofuna a Gilman, makarantar 'ya'yan masu hannu da shuni, ba wanda ya ƙaurace masa, sai da 'ya'yan talakawa baƙaƙe suka fara cin kowa. Na yarda tsoron iyayen na gaskiya ne. Na kuma yarda cewa ga yaran St. Frances da yawa, wannan sauyin makaranta shi ne ƙofa ɗaya da ta taɓa buɗe musu. Duk dokar da za ta rufe ta don a daidaita sakamakon wasa, ta yi tsada da yawa.

Akwai dai yaron da ba a cika tunawa da shi ba, kuma shi ne ya fi ba ni tausayi. Ya shiga makarantar unguwarsu yana aji ɗaya, ya yi shekara uku yana ɗaga ƙarfe da asuba, yana jiran na gabansa ya gama. Shekarar da layi ya zo kansa, ana saura mako biyu a fara kaka, sai ga baƙo an sauke daga mota, koci na washe baki. Mu da muka yi makarantar kwana mun san wannan ciwo. Ana gobe wasan makarantu za ka ga an kawo wani gardi da sabon aski, an saɓa masa rigar da ba ta rufe cibiyarsa ba, an ce ɗan aji biyar ne, alhali duk garin an san shi a tashar mota. Sojan haya muke ce musu. Bambancin shi ne na Amurka yawanci ɗalibi ne na gaske, yana shiga aji yana rubuta jarrabawa. Yawanci na ce, don a 2021 wata Bishop Sycamore daga Ohio ta fito a tashar ESPN, IMG ta lallasa ta 58 da nema, bincike kuma ya nuna makarantar ma kusan babu ita sai suna.

Amma ko wannan yaron na benci, wa ya cuce shi? Baƙon bai san shi ba. Babban da ya yi wa baƙon waya ya ce zo, gurbi na jiranka, shi ne mai laifi. Hukuma tana da ikon kama irinsa. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Brentwood Academy ta jihar Tennessee, ta tabbatar cewa hukumar wasannin makarantu na iya hukunta makarantar da kocinta ya aika wa yaran da ba su riga sun shigo ba takardar gayyata. Matsalar ita ce ko an tashi hukunci, kan yara yake sauka. Bellevue ta jihar Washington, wadda a 2004 ta karya tarihin sakandaren De La Salle ta Kalifoniya na cin wasa 151 a jere, bincike ya same ta a 2016 da adireshin bogi da kuɗin magoya baya da ke bi ta bayan fage. Aka hana ta shiga gasar kofi. Waɗanda suka ɗauki wannan kaya har da yaran da suna firamare lokacin da aka fara maguɗin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da nake gani shi ne a bar yaro ya tafi inda iyayensa suka ga dama, sau ɗaya aƙalla ba tare da an zaunar da shi ba, sannan makarantar da ta karɓe shi ta biya farashi a wajen rabon rukuni. Wadda ta tara baƙi goma ta hau sama ta kara da masu baƙi goma. Tennessee ta raba gasarta gida biyu tun 1997, ta ware makarantun kuɗi masu ba 'yan wasa tallafin karatu. Illinois tana ninka yawan ɗaliban makarantun da ba su da iyaka da 1.65 kafin ta ba su rukuni, sai dai wannan lissafin ba ya duba baƙi nawa makaranta ta ɗebo. Tsarin Ohio, da ya fara aiki a 2017, ya fi kusa da gaskiya, don yana duba daga ina kowane ɗan wasa da ke cikin jerin ƙungiya ya fito. IMG ma, duk da zagin da take sha, ba ta yaudarar kowa: tana ɗibar yara daga ko'ina, kuma ba ta shiga gasar kofin jihar Florida ta ƙwace wa makarantun unguwa.

Archbishop Murphy ta ɗauki kofin jiha a waccan shekara ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Biyar daga nasarorin nata a takarda aka rubuta su. Yaranta, waɗanda su ma 'yan 16 da 17 ne masu fatan wani daga jami'a ya zo ya gan su, sun yi makonni a jere suna atisaye babu abokin karawa.