Haƙa rijiya ba shi ne kawo ruwa ba

Tun da NDE, kamfanin ruwa na gwamnatin Nijar, ya karɓi aikin raba ruwa daga hannun SEEN, kamfanin da Faransawa ke da rinjaye a cikinsa, a farkon 2024, wasu ke ta guɗa wai ruwa ya dawo hannun ’yan ƙasa, an gama. Madalla da dawowar. Amma da zarar bazara ta kama, ’yan garuwa suka ɗaga farashi, amsar manya ɗaya ce: a ƙara haƙa rijiyoyin burtsatse. Wannan amsar ta ishe ni.

Ruwan Maraɗi daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Injin da ke cikin rijiya ne ke turo shi zuwa shato, wato babban tankin ruwa, injin kuwa sai da kuran. Kowa ya tuna halin da aka shiga a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. To wa ke auna ƙarfin injin da ya dace da zurfin rijiya? Wa ke tsara gurup ko sola da za su riƙe aiki in wuta ta ɗauke, ya tanadi kayan gyara tun kafin motar injin ta ƙone? Wa zai ƙi sa wa ɗan kwangila hannu in ya shimfiɗa wayar da ba ta kai ba? Wannan aikin jagoran aiki ne, wanda ya san injina da lantarki, ya kuma iya lissafin kuɗi da wa’adi. Ranar yanke ƙyalle kuwa, ko kujera ba a ajiye masa.

Masu cewa a ɗauko ƙwararru daga waje, su faɗa mana wa zai zauna da injin bayan baƙon ya hau jirgi.

Yaranmu na fitowa daga makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai da Jami’ar Ɗan Dikko Ɗankulodo nan gida, sai su tarar hanyar hawa mataki ta bi ta ofis mai sanyi, ba ta bi ta tashar famfo ba. Mai kai a cikinsu ya nufi ƙungiyoyin agaji ko matatar mai ta Damagaram, kuma ban ga laifinsa ba.

SPEN, kamfanin gwamnati mai mallakar kayan ruwa, ke gina kayan, NDE ke tafiyar da su. Su buɗe wa matasan nan tafarki bayyananne daga gyaran inji zuwa jagorancin aiki, da albashin da zai riƙe mutum. Kuma duk kwangilar ruwa da za a bayar a jihar nan, a rubuta sunan injiniyan da za a tuhuma in famfo ya bushe.