Yadda Aka Yi Wa Bindigar Kakanmu Kaciya

Duk wanda ya ce maka shiga sahun 'yan bindigar Sarki a Daura ado ne kawai, to bai taɓa tsayuwa a Kangiwa da hadari a kansa ba. Ni dai bana na samu shiga, ranar hawan Sallar Gani, da bindigar kakanmu ta wajen uwa, doguwa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna tsumma. Ba a sa mata harsashi, ƙara da hayaƙi ne aikinmu. Kawuna, tsohon saje da ya shiga soja a 1968 ya ƙare a sashen gyaran makamai, shi ya miƙo mini ita. Kashedi ɗaya ya yi: "Kai yaro, ka kula da bakinta."

Mun ɗura, muna jiran fitowar Sarki, sai yayyafi ya sauko. Ɗan kawun, taubashina, wanda bai taɓa harba ko danƙo ya samu tsuntsu ba, ya matso ya ce in kifa bakinta ƙasa kada ruwa ya jiƙa albarushin. Magana ce mai kama da hankali. Na kifa. Jira ya yi tsawo, ƙafa ta gaji, na dogara a kanta. Ashe laka tana can tana shiga.

Da algaita ta tashi aka ce mu saki, na ɗaga sama na ja kunama. Sauran bindigogi suka ce "daram", tawa kuwa ta faɗi abin da har yau ban san sunansa ba. Hulata ta yi gabas, dokin wani hakimi ya yi yamma da shi a kai yana salati. Da hayaƙi ya washe sai ga bakin bindiga ya tsage gida uku ya buɗe kamar furen kabewa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, sai girata da ta tafi ba sallama. Taubashin nawa kuwa tuni ya ɓace cikin taro.

Na zaci kawu zai zage ni. Da ma zagin ya yi, da na huta. Zaunar da ni ya yi a zaure daga la'asar har kiran magariba yana karatun bakin bindiga. Ya fara daga Lee-Enfield ta Ingila, mai cin harsashi 10, wadda kakan namu ya riƙe a yaƙin ƙasar Bama (Burma) a 1944, irin wadda 'yan sandanmu suka daɗe suna rataye da ita. Ya ce cikin bututunta akwai tsagi a murɗe da ke juya harsashi, kuma gefen bakin shi ne abu na ƙarshe da harsashin ke taɓawa. In ya ɓantare ko ya ci ta gefe ɗaya, iskar wutar za ta riga fita ta nan ta ture harsashin, ka auna kura ka samu akuyar maƙwabci. Abin da ya fi ba shi haushi, wai yawancin tsofaffin bindigogin soja ba yaƙi ne ya cinye bakinsu ba, tsafta ce. Kurtu zai zura igiyar goge bututu ya riƙa jan ta a karkace kullum, har igiya ta yi wa ƙarfe hanya.

Gyaran kuma iri biyu ne a wurinsa. Ko a datse ƙarshen a sake daidaita bakin, ko a rarake cikin bakin kaɗan har a kai inda tsagin ke da lafiya, a bar waje yadda yake. Ya ce haka Rashawa suka yi wa ɗimbin bindigoginsu Mosin-Nagant bayan yaƙin duniya na biyu. Na yi caraf na ce, "To Kawu, a yi mana irin na Rashawan mana, kada a gane." Ya kalle ni ya kalli furen kabewar, ya ce, "Wannan ko Rasha ka kai ta, zarto za su ɗauko."

Washegari muka nufi maƙera. Maƙerin ya juya ta, ya tambaya ko gini aka yi da ita. Ya sare kusan taƙi guda, ya bi da magagari, kawu na tsaye a kansa yana rufe ido ɗaya yana cewa gefen hagu ya fi tudu. Sau nawa aka sake gogewa, kuɗin aikin na hauhawa, kuma duk daga aljihuna. Da na ce taubashina ya kawo rabi, kawu ya ce shawara kyauta ce, dogarawa ce ke da tara.

Da na koma wurin 'yan uwana 'yan bindiga, babbanmu ya jera tawa da nasu ya ga ta gaza kafaɗar kowace. Ya ce, "Barka da arziki, ashe an sha kaciya. Yaushe za a kawo mana kazar jinya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙararta na nan." Ya ce ya yarda, amma hawa mai zuwa ni zan riƙe wa mutane lema.

Guntun da aka sare kuwa kawu ya hana a sayar wa 'yan gwangwan. Ya rataye shi a zaure daidai ƙofar shiga, duk baƙon da ya zo sai an aika a kira ni in yi bayani da bakina. Jiya ma masu neman auren ƙanwata ne suka zo.