Masu Hidimar da Ba a Gani a Cikin Kan Tsoho

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Tsohonka ya tambaye ka, "An yi la'asar?" Ka ce, "An yi, Baba." Kafin ka ajiye butar da ke hannunka ya sake tambaya. A karo na biyar muryarka ta ɗaga, shi kuma ya yi tsuru yana kallonka, bai san laifin da ya yi ba. Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah a wannan karo na biyar, domin abin da ke faruwa a cikin kansa ya fi ƙarfinsa.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarinsa. Tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 masu aika saƙo, su aka fi sani. Kusa da su Allah Ya halicci wasu ƙwayoyin masu kusan wannan adadi, aikinsu hidima kawai. A 1856 likitan Jamus Rudolf Virchow ya sa musu suna giliya, wato danƙo, don a ganinsa haɗe jijiyoyi suke yi. Ashe su ne masu ciyarwa da masu shara.

Wasunsu siffar tauraro gare su, ana ce musu astarosait. Suna miƙa hannuwa su rungumi jijiyoyin jini, su ɗebo sukari, su adana wani, su sarrafa wani su miƙa wa ƙwayar jijiya, sannan su kwashe ragowar sinadarin saƙo kada ya taru ya zama guba. Wasu kuma, maikurogiliya, su ke zagawa suna haɗiye datti da matattun ƙwayoyi.

A cutar Alzheimer, wadda ita ce mafi yawan sanadin gigin tsufa, wani furotin mai suna amiloyid yana taruwa tsakanin jijiyoyi. Masu sharar nan su yi ca a kansa, su koma ƙona sukari cikin gaggawa ta hanyar da ba ta ba da kuzari sosai. Shekaru na tafiya, kitse ya cika cikinsu, su gaji, har su fara zubar da sinadaran kumburi masu cutar da waɗanda suka zo karewa. Masu ciyarwa su ma hidimarsu ta ragu. Hoton ƙwaƙwalwa kan nuna raguwar cin sukari a wasu sassanta tun kafin mantuwa ta fito fili. Alois Alzheimer da kansa, likitan da aka sa wa cutar sunansa, ya rubuta a 1907 cewa ya ga kitse a cikin waɗannan ƙwayoyin giliya. Subhanallahi.

Allah Ya gaya mana a Suratun Nahli, aya ta 70, cewa a cikinmu akwai wanda ake mayar da shi ga mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya zamo bai san komai ba bayan sani. Manzon Allah (SAW) yakan nemi tsari daga wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da gigin tsufa. Ku kai tsohonku wurin likita da wuri, don wata mantuwar tana da magani, kamar ta ƙarancin bitamin B12.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne, a gida ma haka abin yake. Galibi mutum ɗaya ne ke wanka, wanki, ciyarwa da tashin dare, 'ya ko mata, sauran 'yan'uwa sai waya da "Allah Ya ƙara sauƙi." Ita ma tana gajiya, kuma idan ta gaji, tsawar kan tsoho take sauka, daga baya ta shiga ɗaki ta yi kukan nadama. Kai da ke nesa, ka zo ka karɓe ta ko na kwana biyu ne, ta yi barci. Ka zauna kusa da Baba, in ya tambaye ka ko an yi la'asar, ka amsa masa kamar yanzu ya fara tambaya.